Hannun Tolib-aka a Bayan Katina

Novosibirsk, 8 ga Disamba

Ƙanwata Sanobar,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon bayan nan da ke damunki in kin daɗe tsaye a kantin magani? Ni lafiyata ƙalau, in ban da yatsuna da suka tsattsage don sanyi. Kwaɓin gidan burodin da nake aiki shi ne kaɗai abu mai ɗumi da nake taɓawa a garin nan.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Mijinki ne dalili. Mutumin kirki ne, amma bakinsa ba ya riƙe magana, kuma teburinsu ɗaya da wan mijina Tolib-aka a gidan shayi. Ergash-aka direban bas zai riƙa kawo miki wasiƙata, kwana biyar ne hanya. Ki ba shi amsa hannu da hannu.

Kin san yadda na bar Margilan. Mijina Anvar ya rasu a Fabrairu, ana gama sadakar arba'in na ɗaure kayana, domin hawaye ba zai ciyar da uwarsa da 'yarsa ba. Na buɗe asusu da sunana, na bar katin wajen surukata Salomat-aya don ita da Hilola su riƙa cin abinci. Na tuna yarinyar banki ta miƙo mini biro ta ce in sa hannu a farin layin da ke baya. Na ce mata sai an jima, mota na jirana. Ban sa ba.

Jiya wata 'yar layinmu da ta zo neman aiki ta zauna ta zayyane mini komai. Wai katin yana aljihun Tolib-aka tun watan farko. Ya zana wannan sa hannun nasa mai doguwar jela a baya, ya sa katin cikin 'yar jakar leda yadda fuskar ba ta fitowa. Sai ya ajiye shi kan teburi kusa da butar shayi, ya ce shi ke riƙe da gidan ƙanensa, ni kuwa tun da na tafi ko kwabo ban aiko ba, Allah kaɗai ya san abin da nake yi a Rasha.

Wannan duka da sauƙi. Na kira Hilola, wadda dama tun da na tafi gaisuwarta ba ta wuce kalma uku. Na ce, "Wa kike tsammani yake saya miki takalmi?" Ta ce, "Oyijon," kamar yadda take kirana tun tana ƙarama, "na ga katin da idona. Hannun Baffa ne a jiki." Ta kashe wayar. Shekararta goma sha tara, Sanobar, ni na haife ta, amma zanen biro ya fi maganata daraja a wajenta.

Ke da kike karɓar kati daga safe har yamma, ki faɗa mini. Mutum ya sa hannu a katin da ba nasa ba, ai laifi ne, ko? Ki je banki ki tambayo mini. So nake in ji an tisa ƙeyarsa ta tsakiyar unguwa daidai lokacin da mutane ke fitowa daga sallar la'asar.

Ki gaida yara.

Yayarki, Mavjuda


Margilan, 20 ga Disamba

Mavjuda-opa,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya, baya da sauƙi tun da aka ba ni kujera. Na sa miki man shafawa cikin ƙunshin nan, ki riƙa shafa wa yatsun kafin ki fita. Salomat-aya tana nan da hawan jininta, Hilola ta ɗan rame amma lafiya take.

Opa, ki yi haƙuri, amsar ba za ta yi miki daɗi ba. Shekara shida ina kantin nan, ban taɓa juya katin kowa na duba bayansa ba. Kin manta garinku ne? Mutum ya miƙo kati, ki zura a na'ura, ki ce "Lamba?", shi kuma ya faɗa da ƙarfi duk kanti na ji, ke ki danna masa. Wani tsoho da ke zuwa mana ma lambar sirrinsa ya rubuta a farin layin, don kar ya manta. In ya zo ko tambayarsa ba na yi.

Duk da haka na je bankin. Yarinyar da na samu ta saurare ni har ƙarshe tana ƙoƙarin riƙe dariya. Ta ce, "Inna, wannan layin na zamanin da ake gwada sa hannu da takardar ciniki ne. Yanzu lamba ce komai. Ko kaza ya zana a wurin, na'ura ba ruwanta." Na ce to ba za a kama shi ba? Ta ce wa ya ba shi lambar? Sai na tuna ke kika ba Salomat-aya, ita kuma ta ba ɗanta. Ta ce abu ɗaya ne a hannunki: mai asusu na iya bugo waya ta rufe katin cikin minti ɗaya.

Shekaranjiya Tolib-aka ya zo sayen maganin uwarsa. Ya zaro katin daga ledar da yatsu biyu, bayan yana kallon sama, ya faɗi lambar kamar mai kiran salla. Na juya shi da gangan. Ga sunanki nan ɓaro-ɓaro. Na ce, "Tolib-aka, ashe an canza maka suna?" Ya fizge ya ce, "Ke dai danna, kin tara layi." Na faɗa wa mata biyu a layinku. Suka ce ai dole in faɗi haka, tun da kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito. Na nemi in yi wa Hilola maganar, ta tashi ta ba ni wuri.

Amma tsakani da Allah, Opa, ba ya barinsu da yunwa. Magani yana saye, gawayi yana saye. Ya dai yi sabuwar rigar sanyi mai gashi a wuya, wannan kam na gani. Kar ki yi gaggawar rufe katin, tsohuwar nan a kansa take rayuwa.

Taki, Sanobar


Novosibirsk, 6 ga Janairu

Sanobar,

Gaisuwa da fatan alheri. Man ya iso, na gode, yatsu sun daina jini. Zazzaɓi ya kwantar da ni kwana uku, na tashi.

"Ba ya barinsu da yunwa." Na karanta wannan layin naki har takardar ta yi laushi. To madalla da shi! A ba shi lambar yabo, ya ciyar da uwarsa da gumina. Ki je ki shafa gashin wuyan rigar nan, bayana ne da ƙafafuna kike shafawa. Tire nawa na ɗauka daga tanda kafin ya samu abin rufe wuyansa?

Wato duniyar nan haka take. Inda ake da doka, sa hannun ba komai ba ne. Inda 'yata take, shi ne komai. Banki ya yi mini dariya, unguwa ta yi mini tofin Allah tsine, duk a kan layi ɗaya da na bari fari don ina saurin kama mota. Wallahi in na tuna biron nan da yarinyar ta miƙo mini sai in ji kamar in ciji hannuna.

Ba zan rufe katin yanzu ba, kwantar da hankalinki. In na rufe shi a ranar da ba kowa, zai ce na'ura ce ta lalace, ya koma gida ya ƙirƙiro wata ƙaryar. A gaban mutane ya tuɓe mini mutunci, a gaban mutane zan karɓi abina. Ba na roƙon Allah ya saka mini a lahira, Sanobar. A nan nake so, ina da rai, Hilola tana kallo.

Ki rubuto mini duk abin da yake yi. Ina yake zuwa, da wa yake zama, me yake shiryawa. Watan gobe Anvar zai cika shekara, na tura abin yin sadaka tun makon jiya. Na san ba za a ambaci sunana ba.

Mavjuda


Margilan, 24 ga Janairu

Opa,

Allah ya ƙara sauƙi, ki riƙa rufe ƙirjinki. Mu ma mura ta zagaye gidan kaf, ta fita.

Ban ce ya kyauta ba, na faɗi abin da idona ya gani ne. Kar ki haɗa ni da shi.

Sadakar shekara an sa ta ranar Alhamis, sha uku ga Fabrairu, bayan sallar asuba kamar yadda aka saba. Tolib-aka ya ɗauki abin da girma fiye da kima. Ya ce osh, dafa-dukan shinkafa da nama da karas, na mutum ɗari uku za a dafa, ya kama mai dafuwar da ya fi kowa tsada, ya aika gayyata har unguwanni uku. Mijina ya ce a gidan shayi ba ya wata magana sai ta yadda zai nuna wa Margilan irin son da yake yi wa ƙanensa. Ko sayayyar ma ba zai yi ta a ɓoye ba. Ranar Laraba da hantsi zai shiga kasuwa da dattawan unguwa da liman, wai su taya shi zaɓen rago wajen Nabijon mahauci, sannan su wuce layin shinkafa. Abin haushi, Opa. Ina faɗa miki ne don kar ki ji a bakin wani ranki ya ɓaci.

Hilola ce ta ba ni tausayi. Ita ta wanke labule, ta goge faranti, ta shafa wa bangon tsakar gida farar ƙasa da hannunta. Ta ce mini, "Wannan ne abu na ƙarshe da zan yi wa Babana, so nake ya yi kyau." Ta fi wata guda ba ta da zance sai wannan.

Ki yi wa Anvar addu'a daga nan inda kike, ita ce za ta kai gare shi.

Sanobar


Novosibirsk, 4 ga Fabrairu

Ƙanwata ta kaina,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Lafiyata garau, yau har waƙa na yi a bakin tanda, abokan aiki suna tambaya ko miji na samu.

Na gane saƙonki. Kin iya magana a rufe, 'yar gidanmu! Laraba, da hantsi, ga liman, ga dattawa, ga rumfar Nabijon da ke tsakiyar kasuwa. Ko ni na zauna na tsara ba zan tsara ta haka ba.

Ga yadda za a yi. Ranar Talata da yamma zan buga wa banki su rufe katin. Cikin ambulan ɗin nan akwai wani ƙarami da na ɗinke bakinsa da zare. Kuɗin sadakar ne gaba ɗaya, na haɗa su da aikin Lahadi huɗu, Ergash-aka zai canza miki su zuwa namu. Ranar Laraba ki nemi izini a kanti, ki ja Hilola ku je kasuwa, ki ce za ku sayi zabibi. Ku tsaya inda za ta gani. Ki bar Tolib ya zaɓi ragonsa, ki bar shi ya yi ciniki, ki bar shi ya faɗi lambar nan da babbar murya. In na'ura ta ƙi, kar ki yi sauri. Ki bari ya gwada sau biyu, sau uku, gumi ya keto masa ta ƙarƙashin gashin rigar. Sannan ki matso ki ce, "Nabijon-aka, juya katin ka karanta wa jama'a sunan da ke gaba." In ya karanta, ki ajiye kuɗin a kan katakon yanka ki ce, "Matar marigayi ta biya, kamar yadda ta saba."

Shi ke nan. Anvar ya samu sadakarsa cif, Tolib ya samu tasa. Hilola kuma ta san wadda ta haife ta ba ta yar da ita ba.

Kar ki kira ni, ko me ya faru. Ba na so in ji labarin nan a gurguje cikin ƙarar injin kwaɓi. A takarda nake son sa, dalla-dalla, yadda fuskarsa ta koma da abin da liman ya ce, in riƙa karantawa duk ranar da na gaji.

Ergash-aka zai taso gobe, zai iso miki kafin Litinin.

Yayarki mai jiran albishir, Mavjuda


Margilan, 17 ga Fabrairu

Mavjuda-opa,

Muna raye. Salomat-aya ta kwana biyu a kwance, ta fara tashi. Ban tambayi lafiyarki ba don na san kina nan garau, kin faɗa.

Wasiƙarki ta iso ranar Asabar. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya a Kazakistan, Ergash-aka ya yi kwana shida a wata tasha shi da fasinjojinsa. Asabar, Opa. Na buɗe, na karanta, na zauna a ƙasan kicin. Ni ban yi miki magana a rufe ba. Labari na ba ki. Yaushe na taɓa iya irin wannan?

Kin ce dalla-dalla kike so, to ga shi. Ba na wurin, ina kanti, amma mijina yana cikin 'yan rakiya, kuma kin san shi ba ya rage komai.

Tolib-aka ya zaɓi raguna biyu. Ya miƙa kati, ya faɗi lamba. Na'ura ta ƙi. Ya ce, "Wannan akwatin naka ya tsufa, Nabijon." Aka aro ta mai kayan miya, ta ƙi. Aka aro ta mai shinkafa, ta ƙi. Kasuwa ta fara taruwa. Nabijon ya ce bari ya ga ko katin ne ya ƙare kwanansa, ya ɗaga shi sama yana ƙanƙance ido. Ya karanta sunanki. Ya juya baya, ya sake juyowa, ya ce, "Tolib-aka, gaba Mavjuda, baya kai. Wanne ne mai ragon?" Da bai sa hannun nan ba, da sai ya ce aiko shi aka yi, magana ta wuce. Amma wata goma yana nuna wa mutanen nan jelar sa hannunsa a kan teburin shayi, kowa ya san ta. Liman ya karɓi katin ya duba, ya mayar masa, ya juya masa baya. Wannan ya fi mari. Wani daga baya ya ce, "Ashe har rigar ma ta Mavjuda ce." Aka kwashe da dariya. Tolib-aka ya bar hularsa a rumfar, har yau tana can a rataye.

Kin samu abin da kike so. Ya shiga gidansa ya kulle ƙofa, ko matarsa ba ya amsa wa.

Sai dai azahar ta yi, ba nama, ba shinkafa, ba mai, ga unguwa uku an gayyata. Na kira ki sau tara. Yanzu na san dalilin da ba ki ɗauka ba.

Hilola ta ɗauki babban kwanon wanki ta fita. Gida-gida ta bi, Opa, tana cewa, "Gobe sadakar Babana, ku taimaka da abin da kuke da shi." Na same ta a layi na uku, na ce ta ba ni kwanon, ta hana. Mutane sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Nabijon ya aiko da cinya biyu sadaka. Maza suka zo yankan karas kamar yadda aka saba, ba mai kallon idon wani. Amma shinkafar kala bakwai ce, ta wannan gida daban, ta wancan daban. Mai dafuwa ya ce ba tukunyar da za ta daidaita su. Haka aka yi kuwa: wata ta caɓe, wata tana ƙaras-ƙaras a haƙori. Kuma ba ta kai ba. Layin ƙarshe shayi da burodi suka samu, suka yi fatiha suka tafi.

Ƙaramin ambulan na kai wa Hilola da zarensa. Na ba ta wasiƙarki ma ta karanta, don ta ga ba nufinki ke nan ba. Ta karanta har ƙarshe a tsaye. Ga takardarta nan cikin tawa, ban buɗe ba.

Ni kuma daga yau ki kira ni a waya in kina da magana. Na gama da aikin 'yar aike.

Sanobar


Margilan, 17 ga Fabrairu

Oyijon,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Kaka tana samun sauƙi, ni ma lafiyata lau.

Na san gaskiya yanzu. Ke ce kike ciyar da mu tun ranar da kika tafi, takalmina da maganin Kaka da gawayi duk naki ne. Na ƙaryata ki saboda zanen biro, na kashe miki waya. Na yi kuskure, ki yafe mini. Duk unguwa ta sani, mata suna ta shigowa suna yabonki. Baffa ba ya fita ko masallaci. Ban ji tausayinsa ba.

Na ga kuɗin, na ga yadda kika tsara. Na yarda ba ki so a rasa shinkafa ba. Amma Oyijon, kwana ɗari uku da sittin da biyar ne a shekara. Baffa yana zuwa kasuwa kowane mako. Ke ranar Babana kika zaɓa. Ko da Ergash-aka ya iso a kan lokaci, abin da za a riƙa tunawa da sadakarsa ke nan, dariyar da aka yi a rumfar mahauci. Na shafa farar ƙasa a bango don mutane su zo su ambaci sunansa. Sun zo, sunanki da na Baffa suka yi ta ambata.

Kuɗin na ba Kaka ta ajiye. Na samu aiki a masaƙar siliki, zan fara ranar Litinin mai zuwa, don haka kar ki damu da yin sabon kati saboda ni.

Inna Sanobar ta ce sanyin can yana fasa fata. Na saƙa miki safar hannu, tana cikin ƙunshin. Ki riƙa sawa.

Kar ki kira ni tukuna. Ni zan kira.

'Yarki, Hilola